Garwashi a Motar Shara

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Filibus, wanda tun yana ƙarami ba abin da yake so a duniya kamar tuƙin babbar mota. Ba tasi ba, ba bas ba. Tirela, irin wadda in ta wuce sai ka ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarka.

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda ya koya ba, don sai a tashi sujada ba mu kai rabi ba. Ya dai sha wuya. Shekara huɗu yana bin ubangidansa, yana wanke mota, yana shan zagi, kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Ranar da ya karɓi lasin, a aljihun gaba ya sa shi don kowa ya gani. Daga nan aka damƙa masa tirela. Yau yana Legas, jibi yana Fatakwal, ya kai albasa kudu, ya dawo da siminti. In ya dawo gari kuwa, ba gida yake fara zuwa ba. Tashar manyan motoci yake zarcewa, ya zauna a bencin mai shayi tare da sauran direbobi, ana hirar hanya, kowa yana ƙara wa labarinsa gishiri. Babban abokinsa a wurin shi ne Gambo, wani mai jar hula da baki kamar reza, wanda in ya sa ka a gaba da tsiya sai ka gwammace duka.

A wannan aikin akwai abin da suka saba da shi: direba ba ya taɓa kaya. Masu lodi su yi lodi, su ja tamfol su ɗaure, shi yana zaune a inuwa. Sai an gama ya tashi ya karkaɗe riga ya hau.

Ana nan, sai mai motar ya sayar da motocinsa duka ya koma wata sana'a. Filibus ya yi wata biyar yana zaune a gida. Matarsa Rifkatu, in za a faɗi gaskiya, ba ta yi wani baƙin ciki ba, don a da in ya dawo daga tafiya autarsu ɓuya take yi a bayan zanenta kamar ta ga baƙo. Amma zama ba ya cika tukunya. Wata rana wani dattijon ikilisiya ya zo ya ce akwai kamfanin da ke kwasar shara a cikin gari, suna neman direban tifa. Aiki daga safe zuwa la'asar, kullum a gida zai kwana, ran Lahadi kuma ba aiki, zai samu zuwa sujada. Filibus ya ce shi da ya zaga ƙasar nan kaf, yanzu shi ne zai koma jan shara? Rifkatu ta ce masa ita dai ba ta taɓa jin shara ta ciji mutum ba, amma yunwa tana cizo. Ya yi kwana biyu yana fushi, a na uku ya je ya karɓi makulli.

Da hannu ya karɓa, zuciyarsa ba ta karɓa ba. Ya aika wa abokansa cewa ya samu tuƙi a wani kamfani a cikin gari, bai faɗi abin da yake ɗauka ba, ya kuma daina zuwa bencin mai shayi. To ga matsala. Hanyar da ke zuwa juji, wato can bayan gari inda ake zubar da shara, ta gaban tashar nan take bi, babu wata. Sawu ɗaya suke yi ta nan kowace safiya. Filibus ya san direbobi ba sa taruwa a benci sai ƙarfe tara, don haka ya sa wa kansa doka, kome za a yi sai ya wuce tasha kafin tara. In ya zo wucewa kuma sai ya ɗaga gilashi, ya ja hula ta rufe masa rabin fuska.

Shugaban masu lodi a motarsa wani tsoho ne, ana ce masa Baba Tanko. Ya fi shekara ashirin yana kwasar shara, kuma duk inda za shi yana riƙe da wani dogon rodi. In sun isa bola, ba mai sa shebur sai Baba ya zaga tukuna. Zai soka rodin nan cikin tarin sharar, ya bar shi jim kaɗan, ya zaro ya taɓa da bayan hannu, ya matsa gaba ya sake. Dalili kuwa shi ne, masu ƙosai da masu masa da masu tsire duk a bola suke zubar da tokar murhunsu. Daga sama za ka gan ta fari fat kamar ta mutu, alhali a ciki garwashi yana nan da ransa. Bola kuwa me ke cikinta in ba leda da kwali da tsumma da tsohuwar katifa ba? In Baba ya ji rodi da ɗumi, sai a tone wurin a kwara ruwa, a bar shi sai gobe.

Tun ranar farko Baba Tanko ya ce wa Filibus ya sauko ya ga yadda ake yi, don a wannan aikin dole direba ya san abin da ya goya. Filibus ko ƙofa bai buɗe ba.

"Baba, ni direba ne. Ku yi lodinku, in kun gama ku buga mini."

Tsohon ya koma wurin lodinsa. Kuma da yake shi ne ke bin mota zuwa juji don ya buɗe ƙofar baya a juye, ya kamata a ce a gaba yake zama. Amma Filibus ya ɗora jarka da tsummoki a kujerar, ya ce ba wuri. Ba ya son warin, ba ya kuma son a gan su tare. Sai Baba ya samo tsohuwar taya ya ɗora a kan sharar, daidai bayan kan mota, nan yake zama har juji. Wata huɗu suna haka.

Ran nan wata Litinin, suka wayi gari taya ta yi faci. Kafin a gyara, rana ta ɗaga. Da suka isa bola kuma suka tarar da ita ta cika ta batse, don jiya an yi bikin suna a unguwar, an yi girki da manyan itatuwa. Filibus yana zaune a mota yana duba agogo. Takwas da rabi. Ya danna hon. Takwas da minti arba'in, ya sake dannawa. Baba Tanko ya zo gefen taga ya ce saura gefe guda bai soka ba, kuma nan ne matan gidan biki suka zubar da tokarsu, a ba shi ɗan lokaci.

"Tokar jiya, Baba? Ai ta huce tun daren jiya. Ku kwashe mu tafi."

"Direba, itacen kirya suka ƙona. Ba ya mutuwa da wuri."

Filibus ya ce in suna so su kwana a bola su kwana, shi dai zai tayar da mota yanzu, ya koma ofis ya ce masu lodi sun ƙi aiki. Sauran ma'aikatan biyu suka dubi juna, don kowa yana da iyali. Suka sa shebur suka kwashe gefen nan duka, toka da kwali da wata yagaggiyar katifa, suka watsa a mota. Baba Tanko ya girgiza kai, ya hau ya zauna a kan tayarsa.

Duk da haka sun makara. Tara ta wuce da minti goma lokacin da katangar tashar ta bayyana daga nesa.

Sai Filibus ya ji bugu a rufin mota. Bum, bum, bum. Ya dubi madubin gefe, ya ga wani siririn hayaƙi fari yana bin bayansu. Muryar Baba ta sauko ta saman gilashi, yana cewa akwai wuta, ya shiga filin tasha ya juye yanzu-yanzu.

Ku gane yadda wurin yake. Duk hanyar nan babu fili sai na tashar. In ka wuce shi, titi ya matse, shaguna dama da hagu, sai gidan mai, sai kasuwa, sai makarantar firamare, sa'an nan juji. Ƙofar tashar ta farko tana nan a buɗe a hannun damansa. Juya sitiyari kawai zai yi. Amma daga inda yake yana hango bencin mai shayi, cike maƙil, ga jar hular Gambo a tsakiya.

Ya ce a ransa, ai hayaƙi ne kawai. Minti goma zai kai juji in ya taka. A babbar hanya abin da ya koya ke nan, in ka ga abin tsoro ba a tsayawa, wucewa ake yi da gudu. Ya ja hula, ya sa giya, ya taka totur. Ƙofar farko ta wuce.

Duk wadda ta taɓa fifita gawayi da murfin tukunya ta san abin da iska ke yi wa garwashi. To wannan ba murfin tukunya ba ne, tifa ce a guje. Hayaƙin da yake fari ya koma baƙi. Bugun rufi ya ƙaru, yanzu da hannu biyu ake yi. Mutanen bakin titi suka fara nuna motar suna ɗaga hannu, wata mai lemo ta bar farantinta ta ruga. Wani ɗan acaɓa ya biyo shi gefe da gefe yana dukan ƙofa yana magana, Filibus bai sauke gilashi ba. Gumi yana shiga masa ido. Wari ya cika kan motar, warin leda da soso. Yana ta ce wa kansa saura kaɗan, saura kaɗan, alhali ko katangar tashar bai gama wucewa ba, don doguwa ce.

Sai bugun ya tsaya.

Wannan ya fi bugun ban tsoro. Ya dubi madubi bai ga kome ba sai baƙi da ja. Ya dubi gaba, ga gidan mai, ga layin motoci ya fito har kan titi, ga tanka tana sauke mai. Babu inda zai bi. In ya ƙara gaba kaɗan, a cikin layin nan zai tsaya da wuta a bayansa.

A ƙarshen katangar akwai ƙofa ta biyu, wadda tireloli ke fita. Filibus ya taka birki har tayoyi suka yi ƙara, ya murɗe sitiyari da dukan ƙarfinsa, motar ta karkata kamar za ta kife, ta goge ginshiƙin ƙofar ta shige. Ya ja ta tsakiyar fili, nesa da inda motoci ke fake, ya tsaya. Daidai gaban bencin mai shayi.

Hannunsa ya kai kan ƙarfen da ake ja bodi ya ɗaga, sai ya tuna akwai mutum a sama. In ya juye yanzu, da tsohon zai juye. Ya buɗe ƙofa ya diro, hularsa ta faɗi bai ko waiwaya ba, ya kama ƙarfen gefe ya hau. Ƙarfen yana ƙuna kamar tanda. Ya sami Baba Tanko ya rarrafo ya kwanta a kan rufin mota, ya rungume gefensa da hannu biyu, yana tari ba ya iya magana, ƙafafun wandonsa suna ci da wuta. Filibus ya tuɓe rigarsa ya dinga bugun wutar, ya jawo tsohon ya saɓa a kafaɗa, suka gangaro tare suka faɗi a ƙasa. Wasu hannuwa suka karɓe shi, suka ja shi gefe suna zuba masa ruwa.

Saura motar. Wuta ta kusa kaiwa inda tankin mai yake. Filibus ya ruga baya don ya buɗe ƙofar da shara ke fita, ya tsaya yana lalube. Wata huɗu yana jan motar nan, bai san yadda ake zare sakatar ba, don bai taɓa saukowa ya gani ba. Ya ja nan, ya tura can, tafinsa yana salewa. Sai wani ya ture shi gefe. Gambo ne, riƙe da ƙarfen kwance taya. Ya doki sakatar sau biyu ta fita, ya ce masa ya koma ya ɗaga.

Filibus ya koma ya ja ƙarfen. Bodi ya fara tashi a hankali, a hankali, kamar ba ya so. Sa'an nan sharar ta zubo gaba ɗaya, wuta da toka da ruɓaɓɓen tumatir da kashin kaji da duk abin da gari ya zubar, ya ja motar gaba ya bar tarin yana ci a tsakiyar fili. Direbobi suka yi ta kawo yashi da bokitai, masu abin kashe gobara a motocinsu suka ɗauko, mai shayi ma ya kwarara ruwan durom ɗinsa. Aka jima kafin ta mutu. Wani mai ƙaramar mota ya ɗauki Baba Tanko zuwa asibiti.

Filibus ya tsaya a tsakiyarsu ba riga, ba hula, jikinsa duk baƙi, yana warin bola. Yana jira Gambo ya fara. Gambo ya dube shi sama da ƙasa, bai yi dariya ba.

"Mutumina, me ya hana ka shigowa ta ƙofar farko?"

Filibus ya sunkuyar da kai.

"Don kada mu gan ka? Wata huɗu kana wucewa ta nan da hula a hanci kamar ɓarawon akuya. Duk garin nan wa ke sa giya ta uku irin taka? Tun makon farko masu sammako a cikinmu suka gane ka. Muka ce a ƙyale shi, in ya gaji zai zo ya sha shayi."

Wani daga baya ya ce shi ma ƙaninsa motar yashe masai yake ja, kuma ya fi shi ƙiba. Ba wanda ya yi dariya sosai, don kowa idonsa yana kan wurin da tsohon ya kwanta.

Da yamma Filibus da Rifkatu suka je asibiti. An naɗe ƙafafun Baba Tanko tun daga idon sawu har gwiwa. Likita ya ce zai yi tafiya, amma hawa mota da riƙe shebur sun ƙare. Filibus ya durƙusa a gaban gadon ya faɗi kome, bai rage ba, har da dalilin da ya sa ya ƙi tsayawa. Ya roƙi gafara. Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Na yafe maka, ɗana. Amma bari in gaya maka abin da na yi a can sama. Falwaya na dinga ƙirgawa. Daga inda na fara bugu zuwa inda ka tsaya, guda tara ne. A ta farko hayaƙi ne kawai, bokiti biyu ya isa. A ta huɗu na fara jin zafi ta takalmi. A ta bakwai na daina bugu, don ina bukatar hannuwan in riƙe."



To, ga ma'anar wannan misali, kuma ba mai wuya ba ce.

Garwashin nan shi ne laifin da muka yi muka rufe. Tokar da ke samansa ita ce fuskar kirki da muke sawa mu zo nan ran Lahadi, mun yi wanka, muna waƙa da ƙarfi, kowa yana cewa yaran kirki. Daga sama fari fat. Mu kaɗai muka san akwai ɗumi a ciki.

Ba jan shara ne abin kunyar Filibus ba. Aiki ne, kuma in masu shi suka huta mako guda duk sai mun gudu daga gidajenmu. Abin kunyar shi ne ya fi tsoron dariyar Gambo da ran mutumin da ke bayansa. Kuma ku lura, bai taɓa cewa bari in ƙona Baba Tanko ba. Cewa ya yi saura kaɗan. Haka muke yi. Ka fasa tulu ka yi shiru, aka kama ƙaninka. Kin faɗi abin da ba haka ba a kan wata a makaranta, maganar ta bazu, yanzu ba mai zama kusa da ita. Zuciya tana bugu, tsaya, tsaya, mu kuma muna cewa bari a kwana biyu, zai wuce da kansa. Sai mu ƙara wata ƙaryar don mu rufe ta farko. Wannan shi ne taka totur. Ba ya kashe wuta, hura ta yake yi.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, mutanen da yake ɓuyar wa sun riga sun sani. Duk wahalar a banza. To in direbobi a bencin shayi sun gane mutum daga yadda yake sa giya, Allah da ya yi mu ne za mu ja wa hula? Ya sani tun ranar farko. Ba jira yake mu zo ya yi mana dariya ba, jira yake mu shigo mu juye a gabansa ya taimake mu kashewa. Ubangiji Yesu bai taɓa korar wanda ya zo da warin bola a jikinsa ba.

Amma kada wani ya ce tun da akwai gafara, sai na ga dama. Baba Tanko ya yafe, ƙafafunsa kuwa ba su dawo yadda suke ba. Sau da yawa ba mai tuƙin ne ke fara ƙonewa ba, wanda aka bari a baya ne, wanda bai zuba tokar ba, bai kuma taka totur ba.

Don haka in tun da na fara karatun nan akwai sunan da ke ta zuwa maka a rai, ka san shi, ba sai na faɗa ba. Kada ka ce sai an yi hutu. Kada ki ce sai ta fara yi mini magana. Yau ɗin nan, kafin a zuba abincin rana, a je a same shi a faɗi gaskiya, ko da a gaban mutane ne, ko da za a yi dariya. Kai kana gaba gilashi a rufe kana cewa saura kaɗan. Shi yana baya yana ƙirga falwaya.